Wainar Masara Irin ta Kudancin Kano: Daga Turmi Zuwa Tanda

A Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya, da kuma a tashoshi da kasuwannin Kiru da Bebeji, akwai irin rumfar nan da kowa ya sani: murhu, tanda, bokitin ƙullu, tukunyar miya a gefe, da dattijuwa zaune kan kujera 'yar tsugunno. Wasu sun shekara da shekaru a wuri ɗaya, har yaran da aka riƙa aikowa da kwano sun girma suna aiko nasu. Mafi yawan wainar da ake sayarwa yanzu ta shinkafa ce, kuma ba abin mamaki ba ne a ƙasar da Tudun Wada ta yi suna wajen shinkafa, ga ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 yana shayar da gonakin rani. Amma wainar masara ita ce ta gidan manomi, wadda ba sai an je kasuwa an auno ba, kuma ita ce ta fi neman hannu. Shinkafa tana rufa wa mai ƙiwa asiri. Masara ba ta yi.

Uwargida, abin da nake so ki riƙe tun farko shi ne, wainar masara ba a bakin tanda ake yin ta ba. Kafin ki kunna wuta an riga an gama. Abin da ya faru a turmi da kwanon jiƙo da daren jiya shi zai fito a faranti.

Zaɓen masara

Farar masara ake so, mai ƙarfin ƙwaya, wadda ta bushe sarai. Ja ma tana yi, sai dai wainar tana fitowa da nauyi da ɗan ƙamshin da ba kowa ke so ba. Ki ɗebi tafin hannu ki duba. Idan kin ga huda-huda da gari a ƙasan buhu, ƙwari sun riga ki cin rabin amfaninta. Idan kin ga baƙi-baƙi ko kore-kore a hancin ƙwayar, ko kin ji warin rima, ki bar ta ko da kyauta ce. Wannan fumfunar tana haifar da gubar da masana ke kira afulatoksin, mai lahanta hanta, kuma jiƙo da suya ba sa kashe ta. Yankinmu ya fi arewacin jihar ruwan sama, musamman Doguwa, saboda haka masarar da aka karya da wuri aka tara a ɗaki ba ta gama bushewa ba ita ce ta fi shiga wannan hatsari. Haka nan ki shinshina ko an zuba mata maganin ƙwari. Wadda aka adana a buhun nan mai leda biyu a ciki, da ake kira PICS, ta fi kwanciyar rai, domin rashin iska ne ke kashe ƙwarin, ba magani ba.

Yana da kyau a tuna cewa yawan masarar nan da muke gani ba tsohon abu ba ne. Kakanninmu dawa da gero suka dogara da su, masara kuwa ta bayan gida ce, a gasa a ci da damina. Daga shekarun 1970 zuwa 1980 ne ta mamaye gonaki, bayan zuwan takin zamani da ingantaccen iri da ayyukan bunƙasa noma irin na Funtuwa da KNARDA a Kano, sannan cibiyar binciken noma ta Samaru ta ci gaba da fitar da irin da ake kira SAMMAZ. Shi ya sa za ki ga dabarun wainar masara duk aro ne daga wainar gero da ta dawa, aka gyara su don su dace da ƙwayar da ta fi su tauri.

Surfe da ɓarza

A yayyafa wa masarar ruwa kaɗan, a surfa a turmi ko a kai inji, har dusar ta saki. A shanya ta sha iska, a bakace da faifai, a wanke, a rege tsakuwa. Kada a yi ganganci da wannan mataki: dusar da ta rage ita ke sa waina ta yi duhu da kaushi a harshe, kuma ita ke sa ƙullu saurin yin tsami mara daɗi.

Daga nan sai a raba ta. A misalin kwano ɗaya, ki ware kashi ɗaya cikin huɗu a ɓarza miki shi ya zama tsaki, ƙanana-ƙanana, ki tankaɗe garin da ya fita ki ajiye. Sauran kashi ukun ki jiƙa a ruwa mai yawa. Shinkafa awa shida zuwa takwas ya ishe ta, amma masara sai ta kwana ta wuni, da hunturu ma ta fi haka. Ki sauya ruwan sau ɗaya a tsakani. Alamar ta jiƙu ita ce ki sa farce ki fasa ƙwaya ba da wahala ba, cikinta fari fat, babu sauran tsakiya mai ƙyalli.

A nan ne mata da yawa ke yanke hanya, su ɗebo garin tuwo su dama. Za a samu abin da za a soya, amma ba zai yi saƙar nan ta cikin waina ba, kuma da ya huce sai ya daskare. Busasshen niƙa ba ya buɗe ƙwayar yadda jiƙo ke yi.

Markaɗe da ruɗe

Ki tsane masarar, ki yanka albasa babba ɗaya ko biyu a kai, a kai markaɗe. Ki ce wa mai inji ya yi laushi sosai kuma ya rage ruwa. Idan injin ya gama markaɗa kayan miya ko wake, a fara wanke shi, domin attaruhu ko wake kaɗan ya isa ya canza miki ɗanɗano. Ƙullun ya dawo da kauri. Ƙara ruwa abu ne mai sauƙi, ragewa ce aiki.

Sai tsakin da aka ware. Ki tafasa ruwa, ki wanke tsakin ki zuba, ki dafa shi har ya yi luguf, ya fi fate kauri amma bai kai tuwo ba. Idan ya kusa, ki yaryaɗa garin nan da kika tankaɗe ki tuƙa da muciya. Wannan dafaffen kashi shi ne ƙashin bayan wainar. Masara ba ta da danƙon da alkama ke da shi, to dafaffen tsakin ne ke riƙe iskar da ƙullu zai tara idan ya tashi, shi ne kuma ke ba da laushin ciki. Idan ya yi kaɗan, waina ta fito da tauri tana marmashewa. Idan ya yi yawa, ta yi caɓi, ta sha mai, ta ƙi juyuwa. Wasu masu sana'ar suna maye gurbinsa da dafaffiyar shinkafar tuwo, kuma a ganina wannan ba ha'inci ba ne, gyara ne mai kyau, musamman ga mai koyo. Wasu kuma suna ƙara ɗan garin busasshiyar kuɓewa ko karkashi, abin da bai wuce ƙaramin cokali ba, don yauƙin ya taimaka wajen haɗe jiki.

Ki bar tsakin ya sha iska har ki iya sa yatsa a ciki ki daɗe ba ki ji zafi ba. Da zafinsa zai dafa ƙullun ya kashe abin da zai tashe shi. Sannan ki haɗa, ki sa hannu ki murtsuke duk gudajin. Hannu ya fi ludayi a nan, domin shi ke jin abin da ido bai gani ba.

Tashin ƙullu

Tsofaffin masu waina ba su san yis ba. Ragowar ƙullun jiya suke zubawa a na yau, ko su kwaɓa a ƙwaryar da aka saba kwaɓi a ciki, ƙullu ya kwana ya tashi da kansa. Wannan hanya ita ke ba da ɗan tsamin nan mai daɗi da ƙamshin da ake gane wainar gidan wance da shi. Idan kina da tsohon ƙullu, ludayi ɗaya ya ishi kwano. Idan babu, ki sa yis babban cokali ɗaya da sukari kaɗan, ki rufe, ki ajiye a wuri mai ɗumi. Ba na goyon bayan cika yis don a gaggauta: ƙullu zai kumbura cikin awa ɗaya, amma wainar za ta yi warin yis, ta kuma sace da zarar ta bar wuta.

Lokaci ya danganta da yanayi. Da bazara, awa huɗu zuwa biyar na iya isa, har ma sai an kula kada ya zarce. Da hunturu, a garuruwan tudu irin su Riruwai, sai ya kwana, wani lokaci sai an kai shi kusa da murhu ko an lulluɓe da tsohon zane. Kada ki dogara da agogo. Ƙullun da ya yi zai ɗago, samansa ya yi ƙananan huji, idan kin kara kunne ki ji yana 'yar ƙara, idan kin sa ludayi ki ji ya yi sakayau. A rumfunan tsofaffi za ki ji yarinyar da ke koyo ta ce, "Inna, ya tashi?" sai a ce mata, "Lasa ki ji, 'yar nan." Amsar ke nan, harshe ne ma'auni.

Gyaran ƙarshe ana yin sa ne dab da suya. A jiƙa kanwa tun dare, a tace ruwanta, a riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan ana juyawa ana ɗanɗanawa har tsamin ya sauka, amma kada ya ɓace gaba ɗaya. Kanwa idan ta haɗu da tsami tana ƙara tayar da ƙullu, shi ya sa ba a sa ta tun dare. Idan ta yi yawa za ki ga ƙullun ya koma ruwan ɗorawa, wainar ta yi bauri. Sai gishiri, da sukari gwargwadon yadda gidanki ke so, da yankakkiyar albasa. Ki sassauta da ruwa mai ɗumi har ya riƙa zuba daga ludayi a haɗe, ba ya tsinkewa, ba ya kuma gudu. Ki buga shi sosai. Ki ɗebi na suya a ƙaramin kwano ki gyara shi kashi-kashi, kada ki sa wa bokiti duka kanwa alhali suyar za ta ɗauki awa uku.

Tanda da wuta

Tandar ƙasa ta fi ta ƙarfe riƙe zafi daidai, kuma ita ke ba da bayan nan mai ƙarau-ƙarau ba tare da ƙonewa ba. Ta ƙarfe ta fi jure wahala da saurin ɗaukar wuta, amma tana son mai kula. Sabuwar tandar ƙasa sai an horar da ita: a wanke, a busar, a ɗora a wuta marar ƙarfi, a shafa man gyaɗa a kowane gurbi, a soya albasa a ciki, a goge, a maimaita. Duk da haka zubin farko da na biyu za su kama, kada ki karaya. Bayan an gama aiki ba a wanke ta da sabulu. A goge da tsumma mai tsabta a kife.

Wuta matsakaiciya ake so, wadda ta bazu ƙarƙashin tanda duka. Gawayi ko garwashin itace sun fi harshen wuta. Totuwar masara da kara suna ci da sauri su mutu da sauri, sai dai a yi amfani da su wajen tayar da wuta. Kowace tanda tana da gurbin da ya fi zafi, yawanci na tsakiya; ki gane shi, ki riƙa zuba masa a ƙarshe ki juya shi da farko.

Ki zuba man gyaɗa kamar ƙaramin cokali a kowane gurbi, ki bari ya yi zafi. Ki zuba ƙullu kada ya cika fal, ki bar masa wurin tashi. Za ki ga gefe ya fara ja, sama ta yi huji-huji, tsakiya da sauran ɗanye kaɗan. Lokacin juyi ke nan. Ki zagaya gefen da cokali, ki juya da sauri, ki ɗiga mai kaɗan ta gefe. Masara ta fi shinkafa daɗewa kafin cikinta ya nuna, don haka wanda ya saba da wainar shinkafa yakan kwashe ta da wuri, a samu waje ja ciki ƙullu. Ki rage wuta ki ƙara haƙuri. Idan kin danna ta da yatsa ta dawo, ta yi. A kwashe a kwando ko ƙwarya mai shimfiɗar tsumma, kada a zuba a leda da zafinta, gumi zai kashe ƙarau ɗin.

Abin ci da ita

Miyar taushe ce uwar ɗakinta: kabewa, markaɗaɗɗiyar gyaɗa, alayyahu da ɗan yakuwa, daddawa, da ƙashi mai ɓargo. Wanda bai samu miya ba, garin ƙuli-ƙuli da yaji da ɗigon man gyaɗa ya wadatar. Yara kuma zuma ko sukari.

Wannan haɗi na masara da gyaɗa ya wuce zancen daɗi. Masara tana ɗauke da sinadarin niyasin, amma a ɗaure yake, jiki ba ya iya cin moriyarsa sosai. Al'ummomin da suka mai da ita abincin safe da dare ba tare da mahaɗi ba sun sha fama da cutar felagira, mai ɓata fatar da rana ke duka, ta kawo gudawa da ruɗewar tunani. Likitan Sifen Gaspar Casal ya bayyana ta a 1735, kuma ta addabi talakawan arewacin Italiya da na jihohin kudancin ƙasar Amurka har cikin ƙarni na 20. Gyaɗa kuwa tana cikin abincin da suka fi niyasin. Saboda haka a gidan da tuwon masara da kokon masara da wainar masara suka zama abincin kullum, kada a raina ƙuli da wake da miyar gyaɗa.

Dabarar mutanen Meksiko

Asalin masara kudancin Meksiko ne, inda aka fara noma ta kimanin shekara 9,000 da suka wuce, kuma mutanen can sun warware matsalar niyasin ta wata hanya da ta kamata mu sani. Ba sa surfe. Suna dafa masara da dusarta a ruwan da aka sa wa toka, ko wani farin gari da ake samu daga ƙonannen farin dutse, su bar ta ta kwana a ciki, su wanke, su niƙa da danshinta. Wannan dahuwar tana kwance niyasin, tana rage gubar fumfuna, tana kuma ba ƙullun danƙon da za a iya mulmula shi da hannu. Da shi suke yin tortiya, fallen gurasar masara marar kauri, da gordita, mai kauri wadda ake tsagawa a cusa mata wake ko cuku ko nama. A ƙananan gidajen abincinsu na gado har yau mata ne ke tafa su da hannu a gaban mai saye, kuma a 2010 hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiyar ƙasar cikin al'adun duniya da ake karewa.

Ruwan toka ba baƙo ba ne a ɗakin girkin Bahaushiya, don haka gwadawa ba ta da wuya. Ki samu tokar itace zalla, wadda ba a ƙona leda ko shara a cikinta ba, ki tankaɗe, ki jiƙa gwangwani biyu a ruwa mai yawa, ki bari ta kwanta ki tace. Kada ki yi amfani da farar ƙasar fenti ko wani abu daga shagon kayan gini. Ki zuba masara wadda ba a surfa ba, kamar gwangwani huɗu, a tukunyar da ba ta alminiyam ba, ruwan tokar ya sha kanta. Ki dafa a wuta marar ƙarfi minti 30 zuwa 45. Za ki ga ta koma ruwan ɗorawa. Ki ciro ƙwaya ki murza: idan fatar ta saluɓe, waje ya yi laushi, tsakiya da sauran ƙarfi, ki sauke. Kada ta dahu luguf, ƙullun zai yi kama hannu. Ki rufe ta kwana a ruwanta. Da safe ki zubar da ruwan, ki cuɗa ta da hannu a ruwa biyu ko uku har santsi da warin toka su tafi.

Niƙan ne wurin wahala. Dutsen niƙa irin na iyayenmu shi ne daidai, kuma irinsa mutanen can suka yi amfani da shi tun asali. Idan inji za a kai, a sa ruwa kaɗan ƙwarai, in ya yi ruwa a zuba a buhu mai tsabta a danne da dutse kamar yadda ake tsane gasara. Abin da ake nema curi ne mai laushi, ba ya manne wa tafi, ba ya tsagewa idan an danna. A sa gishiri kaɗan a cuɗa. Babu yis, babu jiran tashi.

Don tortiya, ki cura kamar girman ƙwan zabo, ki sa tsakanin leda biyu ki danne da gindin faranti har ya yi fale-fale. Ki ɗora a busasshen kasko mai zafi, ba mai. Bayan rabin minti ki juya, ki ba ɗaya gefen minti ɗaya, ki sake juyawa. Idan aikin ya yi kyau za ki ga ta kumbura. Don gordita, curin ya ninka haka, kaurinsa ya kai na ɗan yatsa, a gasa a hankali minti huɗu zuwa biyar kowane gefe, mai so ya ƙarasa ta a man gyaɗa. Da ɗuminta ake tsaga gefe ɗaya da wuƙa a yi mata aljihu. Dafaffen wake da aka soya da albasa da attaruhu yana shiga, haka dambun nama, ko kwaɗon zogale da ƙuli, ko soyayyen ƙwai ga 'yan makaranta.

Idan kin ga gefen yana tsattsagewa wajen dannawa, ruwa ya yi kaɗan, ki jiƙa hannu ki sake cuɗawa. Idan yana manne wa leda, ya yi yawa, ki bar curin a buɗe ya sha iska. Wadda ta sauka daga kasko a jera ta cikin tsumma mai tsabta a rufe, tururin junansu ne ke ƙarasa laushin. Curin da ya rage ba ya kwana a zafin garinmu ba tare da ya yi tsami ba. In babu firji, a gasa shi duka, washegari a yanyanka a soya a ci da miya.